Megre Mai Lofe, Ɗan Sandan Birnin Faris

Duk wanda ya tashi a karkarar arewacin Kano, wajen Ɗambatta ko Bici ko Dawakin Tofa, inda gona ta ke manne da gona, gida kuma yana hangen gida, ya san abin da a kan yi in an wayi gari an tarar ɓarawo ya fasa danga ya kwance akuya. Kafin hantsi mai unguwa ya ji, dattawa sun taru, an kori yara kada su tattake wurin. Sai a kira wanda ya iya bin sawu, ya durƙusa ya duba, ya ce ai mutum biyu ne, ɗaya da takalmi ɗaya babu, sun bi ta burtali sun yi gabas. A bi sawun nan har ya faɗa ƙasar wani dagaci, a yi masa sallama a gaya masa. Ran kasuwa kuma a sa wani ya zauna kusa da masu awaki kamar mai jiran ciniki, yana zuba ido. Wata rana a dace, wata rana sai dai a bar wa Allah. Amma ko an dace ko ba a dace ba, sai a yi wata guda ana maimaita labarin a dandali, kowa da irin tasa fahimtar, gama ɗan Adam yana son ya ji yadda aka yi ɓoyayyen abu ya fito fili.

Cikin hikayoyinmu na da, alƙali ko sarki shi ke gano ɓarawo, kuma da dabara guda ya kan gama. A raba wa waɗanda a ke tuhuma kara tsawo ɗaya, a ce na ɓarawo zai ƙara tsawo kafin safiya, mai laifi ya tsorata ya datse nasa, shi ke nan asiri ya tonu. Turawa ma da irin wannan suka soma. A 1887 wani likita na ƙasar Ingila, Konan Doyil, ya ƙago Shalok Homs, mutum mai kaifin basira wanda ba ya ƙarƙashin kowa, ya dubi laka a takalminka ya faɗa maka unguwar da ka fito. 'Yan sandan gwamnati kuwa a cikin labarun nan kullum su ne marasa wayo, sai an nuna musu hanya.

Daga baya aka sami wani fanni dabam, inda jarumin labari ma'aikaci ne mai albashi, yana da ofis da na gaba da shi da na ƙasa da shi, yana cika takardu, yana jiran sammaci, ya yi kwana uku yana bin hanyar da ba ta ɓulle ba ya komo ya sake sabuwa. A Amurka akwai Ed Makben, wanda ya soma labarun wani caji ofis guda a 1956, ya yi ta yi har ya mutu a 2005, littafi fiye da 50. A Ingila akwai Jon Kirisi, wanda ya fito da Gidiyon na 'yan sandan Landan a 1955. Amma akwai wanda ya girme su duka, shi ne kuma za mu ba da tarihinsa. Faransawa suna rubuta sunansa Maigret, har Bahaushe in ya gani sai ya zaci Maigari aka so bugawa aka yi kuskure. A baki dai Megre su ke cewa, mu ma haka za mu rubuta. An ba da labarinsa cikin littafi 75 da gajerun labarai 28, daga 1931 zuwa 1972, duk daga hannun mutum ɗaya.

Mutumin nan sunansa Jorj Simenon. Ko da ya ke da Faransanci ya yi rubutu, shi mutumin Baljiyam ne, an haife shi a garin Liyej ran 13 ga Fabrairu 1903. Ranar ta faɗo Jumma'a, Turawa kuwa suna camfa Jumma'ar da ta dace da 13 ga wata, saboda haka aka rubuta a rajista cewa ran 12 aka haife shi. Ka ji fa, camfi ba a ƙauye kaɗai ya ke ba. Ubansa akawu ne a wani kamfanin inshora, mutum mai haƙuri wanda bai damu da neman girma ba. Uwarsa kuwa mai tsoron talauci ce ƙwarai, har ta cika gidan da 'yan haya, ɗalibai daga Rasha da Folan, don a sami abin ƙari. Yaron yana da shekara 15 ciwon zuciya ya kama uban, sai ya bar makaranta. Cikin Janairu 1919 wata jaridar garin ta ɗauke shi aiki, aka riƙa aikensa wurin 'yan sanda kowace safiya ya kwaso labarin abin da ya faru da dare: wanda aka soka da wuƙa, wanda ya faɗa kogi, matar da ta gudu. Nan ya yi karatunsa na gaskiya. Uban ya rasu a 1921, cikin Disamba 1922 kuma Simenon ya tattara ya nufi Faris.

Kafin ya sami gindin zama sai da ya yi wa wani basarake mai gandaye da yawa magatakarda, a 1923 da 1924, yana bin sa daga wannan gidan gona zuwa wancan. A can ya ga wakilin da ke riƙe da gandun, mutum mai kwarjini da riƙon amana, ya ajiye siffarsa a zuci. Za mu sake gamuwa da wakilin nan.

Da ya koma Faris sai ya shiga rubuta ƙananan littattafai masu araha, na soyayya da na yaƙi da na tafiye-tafiye, irin waɗanda 'yan aiki ke saye su karanta su yar. Bai sa sunansa a kansu ba, sunayen aro ya yi ta canzawa. Ya kan buga shafi 80 a tafireta cikin yini guda, har ya tara littattafai wajen 190 kafin ya cika shekara 30. Wata mashahuriyar marubuciya mai suna Kolet, wadda ke duba gajerun labarai a wata babbar jarida, ta yi ta mayar masa da nasa tana cewa ƙawa ta yi yawa, ya rage. Ya ji maganarta. Har ƙarshen ransa, in ya gama littafi ya zo dubawa, duk kalmar da ya ga ta shigo don ado kawai sai ya soke ta, ya bar waɗanda kowa ya sani. Wannan shi ya sa mutumin da bai yi nisa da karatu ba ya ke iya karanta Megre daga farko har ƙarshe ba tare da neman mai fassara ba, malamin jami'a kuma ya karanta bai raina ba.

Kuɗin da ya samu ya sa aka sassaƙa masa jirgin ruwa, ya mai da shi gida da ofis. Cikin kakar 1929 jirgin ya soma yoyo a wata tashar ruwa ta ƙasar Holan mai suna Delfzel, aka ja shi gefe don gyara. Simenon ya ce a nan ne, yana zaune cikin wani tsohon kwalekwale da tafireta a kan akwati, ya ga siffar wani ƙaton mutum mai nauyin jiki, da lofe a baki da babbar rigar sanyi. Masu bin diddigi sun gano cewa sunan Megre ya riga ya fito cikin ƙananan littattafai 4 na sunan aro, watau labarin kwalekwalen nan an ɗan sa masa gishiri. Mutanen Delfzel dai ba su damu ba, sun kafa wa Megre mutum-mutumi a garinsu a 1966.

Mai maɗaba'ar da ya kai wa, Fayar, bai yi murna da abin ba da fari. Ya ga babu soyayya, babu jarumi kyakkyawa, babu mugu baƙi ƙirin, ƙarshen labari kuma ba ya faranta rai. Duk da haka ya yarda a gwada. Ran 20 ga Fabrairu 1931 Simenon ya shirya wani biki a Faris don fito da littattafai biyu na farko. Takardar gayyata an yi ta kamar katin da 'yan sanda ke rubuta masu laifi, a bakin ƙofa kuma sai baƙo ya dangwala yatsa kafin ya shiga. Gari ya waye jaridu duk suna maganar. Kafin shekarar ta ƙare an buga littafin Megre 11.

To, wane irin mutum ne Megre? Ɗan ƙauye ne. Simenon ya ƙago masa gari mai suna San Fiyakar a tsakiyar Faransa, ya ce ubansa shi ne wakilin gandun basaraken wurin, watau wakilin nan da muka ambata shi ya zama uban Megre. Yaron ya soma karatun likita a Nant, uban ya mutu, kuɗi suka yanke, sai ya tafi Faris ya shiga ɗan sanda tun daga ƙasa: sintiri a titi, magatakardan caji ofis na unguwa, aikin tashoshin jirgin ƙasa, har ya zama shugaban sashen binciken kisan kai. Muƙaminsa kwamishina su ke kira, amma kada mai karatu ya ɗauka irin kwamishinan da ke riƙe da jiha guda ne a nan, nasu ya fi kusa da babban jami'in 'yan sandan ciki. Ofishinsa yana gida mai lamba 36 a bakin kogin Sen, gidan kuwa na gaske ne, nan hedkwatar masu bincike ta ke a zamanin. Yana da sufetocinsa, Luka da Janbiye da Torans da wani yaro Lapuwant, waɗanda ya ke kira 'ya'yansa. Yana da mata ɗaya, Luwiz, mai iya girki da iya shiru, ba su da ɗa a raye. Bai iya tuƙa mota ba. Yana shan giya fiye da kima, wannan kam aibi ne, har likita abokinsa ya sha yi masa faɗa.

Yadda ya ke aiki shi ne abin lura. In an yi kisa, akwai masu ɗaukar hoton yatsu da likitan da ke duba gawa, Megre ya kan saurari abin da suka samo, bai raina shi ba. Amma shi kansa sai ya tafi unguwar ya zauna. Ya shiga gidan mamacin ya tsaya a ɗakin girki, ya dubi irin tukunyar da su ke da ita, ya ji wa ke ɗaga murya a gidan wa ke sunkuyar da kai. Ya zauna a shagon da mamacin ya saba zama, ya yi hira da mai gadin gida da mai wanki. In na gaba da shi suka tambaye shi me ya ke tsammani, amsarsa kullum ita ce bai tsammaci kome ba tukuna. Kwana biyu, kwana biyar, yana ta zuƙar lofe kamar mai gyangyaɗi, har zaman mutanen nan ya shige shi, ya san wa ke bin wa bashi, wa aka wulakanta shekara 20 da suka wuce bai manta ba. Sa'an nan ya kira wanda zuciyarsa ta tsaya a kai, ya zaunar da shi a ofis, ya aika a kawo musu abinci su biyu, ya yi ta maimaita tambaya ɗaya tun magariba har asuba. Sau da yawa mai laifin in ya faɗi gaskiya sai ka ga kamar an sauke masa kaya ne daga ka.

A littattafan farko Simenon ya yi kurakurai game da tsarin ofis, gama bai taɓa shiga ciki sosai ba. Shugaban masu binciken Faris na lokacin, Gishar, ya karanta, sai ya aika masa ya zo ya ga yadda a ke yi. Nan ya san Kwamishina Giyom da mataimakinsa Masu, 'yan sanda na gaske, ya ga yadda su ke yi wa mutum tambayoyi, ya ɗebi halayensu ya ƙara wa Megre.

Bari mu ba da labarin littafi guda, domin ya shafi manoma, ya kuma shafi duk wanda ya koyi karatu. An buga shi a 1932, sunansa yana nufin Al'amarin San Fiyakar. Wata takarda marar sa hannu ta iso wurin 'yan sanda, tana cewa za a yi laifi a cocin San Fiyakar lokacin ibadar asuba ta wata rana da aka ambata. Ba wanda ya kula sai Megre, don garinsu ne. Ya tafi ya zauna a bayan coci cikin sanyi yana kallon kowa. Aka yi ibada aka gama, ba wanda ya motsa, ba harbi ba sara. Mutane suka watse, sai uwargidan basaraken garin, tsohuwa gwauruwa, ta ƙi tashi daga mazauninta. Aka duba, ashe ta mutu. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya, dama tana da ciwon. Megre bai gamsu ba, ya nemi littafin addu'arta, ya tarar ya ɓace. Da ya yi dabara littafin ya dawo, sai ga wata 'yar takarda a tsakaninsa, an buga ta kamar yankin jarida, tana ba da labarin wai ɗan matar nan ya kashe kansa. Ƙarya ce, ɗan yana nan da ransa. Wanda ya sa takardar ya san shafin da za ta buɗe ran nan, ya san ƙarfin zuciyarta, ya san kuma ta iya karatu.

Zato ya faɗa kan ɗan, domin almubazzari ne mai bashi har wuya, ya faɗa kuma kan wani saurayi magatakardanta da ke cin kuɗinta. Amma Megre yana zagaya garin yana ganin abin da ya fi damunsa: gonakin gandun da ubansa ya riƙe da amana an sayar da su ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe ta bayyana ɗan sabon wakilin gandu ne ya shirya takardar, wani akawun banki mai ladabi wanda matar nan ta taimaka aka yi masa karatu. Shi da ubansa sun daɗe suna cin dukiyar a ɓoye, suna so a gama da tsohuwa laifi ya hau kan wani. Duk wanda ya taɓa ganin yadda gonar gado ke sulalewa, yau jingina gobe sayarwa, har magada su wayi gari suna ƙodago a gonar kakansu, zai gane labarin nan ba sai an yi masa bayani ba. Abin da ya fi ban mamaki, Megre bai kama kowa ba. Doka ba ta san takarda a cikin makamai ba, ba kuwa alƙalin da zai ɗaure mutum don ya sa takarda cikin littafi. Ɗan matar ne ya tara su duka a wurin cin abinci ya tona asirin, ya yi wa akawun dukan tsiya, Megre yana tsaye yana kallo a gidan da ya ke jin tsoron shiga yana yaro.

Irin wannan ƙarshe ya sha faruwa. Cikin wani littafi na 1931, mai suna Kan Mutum, an yanke wa wani talaka hukuncin kisa bisa shaidar da Megre da kansa ya tattara, hoton yatsunsa da sawun takalminsa duk suna ɗakin da aka yi kisan. Amma Megre ya kasa barci, domin bai ga dalilin da zai sa wannan bawan Allah ya kashe matan da bai sani ba. Ya sa aikinsa a kan faifai, ya roƙi manya aka bar fursunan ya tsere da gangan, aka bi shi a baya har ya kai su ga wanda ya ƙulla abin. A wani littafin kuma ya gano waɗanda suka yi kisa tun suna samari, saura kwanaki kaɗan wa'adin da doka ta yanka na tuhuma ya cika, ya ƙidaya 'ya'yansu ƙanana, ya sa hularsa ya koma Faris bai ce kome ba. A nan kam ina da ja. Tausayi abu ne mai kyau, amma wanda aka kashe shi ma ɗan wani ne, kuma ranar da ɗan sanda ya soma zaɓen wanda zai kai gaban alƙali da wanda zai yafe wa, ya hau kujerar da ba tasa ba. A littafi abin yana da daɗi don mun san zuciyar Megre. A ofis na gaske ba mai ganin zuciyar kowa.

Dattawan ƙasar nan sun san zamanin da masu tsaron doka suka kasance iri biyu. Akwai 'yan sandan gwamnati, waɗanda aka haɗa na Kudu da na Arewa suka zama ƙungiya ɗaya a 1930, shekara guda kafin fitowar Megre. Akwai kuma 'yan doka na En'e, ƙarƙashin Wakilin Doka, muƙamin da Alhaji Ado Bayero ya riƙe a Kano kafin ya hau gadon sarauta a 1963. Ɗan doka ɗan gari ne, ya san kowa da uban kowa, ya san gidan da a ke saukar da kayan dare, amma talakawa sun fi tuna bulalarsa, 'yan hamayya kuma sun yi ta kuka da shi a zamanin siyasar farko. Ɗan sandan gwamnati yana da littafi da horo, amma sau da yawa baƙo ne, wani ma sai da tafinta. A zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon aka narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya. Abin da ya sa mutane a ƙasashe da yawa suka ƙaunaci Megre, a ganina, shi ne ya haɗa abin kirkin kowane ɓangare: sanin mutane irin na ɗan gari, da bin ƙa'ida irin na mai littafi, ga shi kuma yana ƙin a taɓa wanda ke hannu.

Amma fa kada a ɗauka haka 'yan sandan Faris su ke duka. Ran 16 da 17 ga Yuli 1942, lokacin da Jamusawa ke riƙe da birnin, 'yan sandan Faransa ne suka bi gida gida suka kama Yahudawa fiye da 13,000, cikinsu yara fiye da 4,000, aka tura su sansanonin da kaɗan ne suka komo. Ran 17 ga Oktoba 1961 kuma mutanen Aljeriya mazauna Faris suka fito zanga-zangar lumana, 'yan sanda suka far musu, aka kashe mutane da yawa, aka jefa waɗansu cikin kogin Sen, kogin nan da Megre ke hange ta tagar ofishinsa. Sai a 1995 da 2012 shugabannin Faransa suka amsa waɗannan abubuwa biyu a bainar jama'a. Ka karanta littattafan nan 75 ba za ka tarar da Megre a ko ɗaya daga cikin ranakun nan ba. Birninsa birni ne na ruwan sama da ƙamshin miya da ƙananan mutane masu ƙananan asirai, siyasa ba ta cika leƙowa ba.

Shi ma Simenon ba a rasa abin faɗi a kansa ba. Yana ɗan shekara 18 ya rubuta jerin maƙalu na ɓatanci ga Yahudawa a jaridar garinsu. Lokacin yaƙi ya zauna a karkarar Faransa ya ci gaba da samun kuɗi, har ya sayar wa wani kamfanin silima na Jamusawa izinin littattafansa, abin da ya jawo masa tuhuma bayan yaƙi. A 1945 ya ƙaura Amurka ya yi shekara 10. A gefe guda kuma, da ya zaga Afirka a 1932, ta Masar da Sudan da Kwango, ya komo ya rubuta abin da ya gani na zaluncin mulkin mallaka ba tare da sakaya ba. Littafinsa na 1933 a kan ƙasar Gabon labarin wani baƙar fata ne da aka gurfanar saboda kisan da wata Baturiya ta yi, Turawan garin duk sun sani suka yi shiru.

Ya so ya rabu da Megre tun da wuri. Bayan littafi 19, a 1934, ya sa shi ya yi ritaya ya koma ƙauye yana noman lambu da kamun kifi, domin shi Simenon burinsa a san shi da manyan littattafai marasa ɗan sanda, ya kuwa rubuta irinsu fiye da 100. Amma masu karatu ba su yarda ba, aljihu ma bai yarda ba. A 1942 Megre ya komo ofis kamar ba abin da ya faru, daga 1947 zuwa 1972 kuma aka ƙara littafi 50. Shekarunsa suka tsaya wuri ɗaya, kullum yana dab da ritaya, duniya tana canzawa shi yana nan da lofensa. Har akwai littafi guda, na 1951, inda Megre ya karɓi alƙalami ya ba da tarihin kansa, yana ƙorafi wai wani yaro ɗan jarida mai rawar kai ya ɓata masa siffa.

Yadda ya ke rubuta su ma abin ji ne. In lokaci ya yi, sai ya ɗauki babbar ambulan ya rubuta a bayanta sunayen mutanen labarin da shekarunsu da danginsu da fasalin gidajensu, sunayen kuwa daga littafin lambobin tarho ya ke tsinto su. Bai san wanda ya yi kisan ba sai ya yi nisa, yana binciken tare da Megre. Likita ya auna jininsa, a rufe ƙofa, ba baƙo ba tarho. Kowace safiya babi ɗaya, ya soke ranar a kalanda. Da ƙuruciya kwana 11 ya kan yi, da girma ya zo ya koma 7 ko 8. In wani abu ya katse shi kwana biyu, sai ya yar da littafin duka.

An fassara su cikin harsuna fiye da 50, an yi silima da wasannin talabijin da su a Faransa da Ingila da Italiya da Rasha da Japan. Har ɗan wasan nan da yaranmu suka sani da Mista Bin ya fito a matsayin Megre a 2016 da 2017, bai yi ko murmushin kirki ba. A Afirka ma an sami masu bin wannan fanni da harsunan gida. Muhammad Sa'id Abdullahi na Zanzibar ya ci gasar hukumar talifi ta Afirka ta Gabas da labarin Bwana Msa, wanda aka buga da Sawahili a 1960, ya kuma bi shi da waɗansu. A ƙasar Yarabawa Kola Akinlade ya yi jerin labarun wani mai bincike, Akin Olusina, tun daga 1971.

Littafin Megre na ƙarshe an rubuta shi cikin Fabrairu 1972 a ƙasar Suwizalan. A farkonsa an kira Megre an ce za a ba shi shugabancin masu binciken Faris gaba ɗaya, ya ce a bar shi inda ya ke, ya fi son titi da zaman sa hannu a takardu. Cikin Satumba na shekarar Simenon ya ɗauki ambulan ya rubuta sunayen mutanen wani sabon littafi, ya zauna, abin ya ƙi zuwa. Bai sake rubuta ƙagaggen labari ba. A farkon 1973 ya sa aka soke kalmar marubuci daga fasfonsa, aka rubuta ba shi da sana'a. Ya bar ƙaton gidan da ya gina ya koma wani ɗan ƙarami a Lozan. 'Yarsa tilo mace ta kashe kanta a Faris a 1978, 'yan sandan birnin suka yi binciken. Shi kuma ya rasu ran 4 ga Satumba 1989, yana da shekara 86.

A 2017 masu binciken Faris suka tashi daga tsohon gidan nan na bakin kogi suka koma sabon gini a arewacin birnin. Da aka zo ba sabon ginin lamba, sai aka ba shi 36.